LAFIYA UWAR JIKI: Amosanin kai, abin da ke kawo shi da maganinsa

Ɗari ya shigo, iska tana kaɗawa daga gabas, hazo ya rufe gari. A wannan lokaci ne amosanin kai yake tasar wa masu shi. Sai a ga magidanci zaune cikin mutane ya ture hula gefe yana susa, farin gari yana zuba bisa kafaɗarsa kamar wanda ya fito daga wurin injin niƙa. Sai a ga mace ta yi kitso shekaranjiya, yau tana bubbuga kai da tafin hannu, don tana jin ƙaiƙayi kuma ba ta son ɓata kitson. Amosani ba ya kashe mutum, ba ya ma kwantar da shi. Amma yana hana barci, yana sa kunya cikin taro, yana kwashe kuɗin jama'a zuwa aljihun masu tallar magani a kasuwa. Bayan haka akwai cututtuka masu nauyi da suke kama da shi, har a yi wata da watanni ana maganin amosani alhali wani abu ne daban yake cin mutum. Shi ya sa filin lafiya na wannan wata ya tsaya a kansa.

DAGA INA FARIN GARIN YAKE FITOWA?

Fatar ɗan Adam kullum cikin sakewa take. Sabuwa tana tasowa daga ƙasa, tsohuwa tana kakkaɓewa daga bisa, kuma wannan tafiya tana ɗaukar kusan wata guda. Ga mai lafiyar fata ba a ganin abin da ke zuba, don ya fi ƙura laushi. Ga mai amosani kuwa fatar kai gaggawa take yi. Aikin wata guda sai ta yi shi cikin sati ɗaya ko ƙasa da haka. Fatar da ta taso ba ta nuna ba, sai ta riƙa ɓamɓarewa dunƙule-dunƙule, kamar yaɓen da aka yi wa bango cikin sauri bai kama ba. Shi ne garin da ake gani bisa riga.

To, me ke sa fata wannan gaggawa? Abu uku ne suke haɗuwa, kamar duwatsun murhu.

Na farko maiƙo. A gindin kowane gashi akwai ƴar ƙaramar jaka mai fitar da maiƙo, don fata ta yi laushi kada ta tsattsage. Jakunkunan nan sun fi yawa a kai, da gira, da gefen hanci, da bayan kunne, da gemu, da tsakiyar ƙirji, da tsakanin kafaɗu ta baya. Duk wanda ya san amosani ya san nan ne wuraren zamansa. Tafin hannu da tafin ƙafa ba su da jakar maiƙo ko ɗaya, shi ya sa ba a taɓa jin wanda amosani ya fito wa a tafin hannu ba. Jakunkunan barci suke yi lokacin ƙuruciya, sai yaro ya balaga sannan su farka. Na maza sun fi aiki, don haka maza sun fi mata fama da abin, ko da yake na mata ya fi wuyar sha'ani saboda kitso.

Na biyu wata ƙwayar halitta ce dangin funfuna, ƴar'uwar yis ɗin da masu burodi suke sawa cikin kwaɓi. Ido ba ya ganinta sai da madubin lokotoro mai ƙara girman abu. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Charles Malassez ya gan ta cikin garin amosani a shekarar 1874, kuma da sunansa ake kiranta, wato Malassezia. Ƙwayar nan ba ta iya yin nata mai, dole sai ta ci na jikin mutum. Tana narka maiƙon, ta ɗauki abin da take so, ta bar saura bisa fata. Wannan sauran shi ne yake ratsa fata ya sa mata zafi da ƙaiƙayi, ita kuma fata ta shiga sakewa da sauri don ta rabu da abin da ya dame ta. Masana sun daɗe suna gardama, ko ƙwayar ce take tada ciwon ko kuwa zama kawai take yi a wurin. Gardamar ta yi sauƙi cikin shekarun 1980, da aka samu maganin da ke kashe ta. Aka ga in ta ragu amosani ya kwanta, in ta dawo shi ma ya dawo.

Abin mamaki, ƙwayar nan tana jikin kowane baligi, sarki da talaka, mai wanka sau uku a yini da wanda rijiya ta yi wa nisa. Nan ne dutse na uku ya shigo, wato irin fatar mutum. Wani fatarsa tana zaune lafiya da ƙwayar har ya tsufa. Wani kuwa tasa ba ta jimrewa, da an taɓa ta sai ta tashi. Kusan rabin manyan mutane na duniya suna samun amosani mai sauƙi wani lokaci cikin rayuwarsu. Akwai kuma mai tsanani, wanda fata take yin ja ko duhu, ɓawon ya yi kauri da maiƙo launin rawaya, har ya sauko fuska da ƙirji. Wannan yana kama kamar mutum 3 zuwa 5 cikin 100. Ciwo ɗaya ne, ƙarami da babba.

Tun da kowa yana da ƙwayar a jikinsa, ba a ɗaukar amosani daga wurin wani. Miji ba ya shafa wa matarsa, uwa ba ta shafa wa ɗanta. Ba dalilin ware wa mai shi ƙwarya ko tabarma. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, kuma cin gyaɗa ba ya kawo shi. Mai tsabta ma yana samu. Sai dai in kai ya daɗe bai ga ruwa ba, maiƙo da ɓawo suna taruwa, abin ya ƙaru. Abubuwan da suke tayar da shi sanannu ne: busasshiyar iskar ɗari, da gajiya, da rashin barci, da damuwar zuciya, da tashi daga wata jinya. Lokacin ɗari abin biyu ne, ga iska tana busar da fata, ga mutane suna gudun jiƙa kai saboda sanyi. In zafi ya shigo, masu yawa suna samun sauƙi.

MAN DA AKE SHAFAWA

A nan ne jama'a da yawa suke faɗawa rami. Mutum ya ga farin gari yana zuba, sai ya ce ai bushewa ce, kai ne yake son mai. Sai ya kawo man gyaɗa, ko man shanu, ko man kaɗe, ya lafta. Garin ya jiƙe ya manne da fata, kwana ɗaya ko biyu ba a gan shi bisa riga ba, mai shi ya ce an dace. Ranar ta uku ƙaiƙayi ya dawo fiye da da. Sai a ƙara mai. Haka za a yi ta yi har shekara ta zagayo.

Ga abin da ya kamata a sani. In masana suna son su rayar da ƙwayar nan cikin ɗakin bincike don su dube ta, man zaitun suke zuba mata, in babu mai ba ta tsirowa. Man gyaɗa da man kaɗe suna ɗauke da irin kitsen da ke cikin man zaitun. Ke nan wanda ya lafta su bisa fatar kai mai amosani, ya yi kamar wanda ɓera ya hana shi barci, ya tashi ya zuba masa gyaɗa don ya yi shiru. Zai yi shiru daren nan. Gobe da iyalinsa zai zo.

Ba a ce mata su daina sa wa gashi mai ba. Gashin baƙar fata yana bushewa ya karye in babu mai, kowace mai kitso ta san haka. Amma gashi daban, fatar kai daban. Al'adar masu kitso ce su bi kowace tsaga da mai a ɗan yatsa, suna shafawa bisa fata. Ga mai amosani wannan ne ya kamata a bari. A murza man a tafin hannu, a shafa wa gashin daga tsakiya zuwa bakinsa, a bar gindin. Man Vaseline kuwa daga man fetur ake samo shi, ƙwayar ba ta iya cin sa. Yana da amfani wajen tausasa ɓawo mai kauri kafin a wanke, amma in an bar shi ya yi kwanaki yana tara ƙura da zufa.

YADDA AKE MAGANI

Tukunya ba ta zama bisa dutse biyu. Irin fatar mutum ba a sake ta, da ita aka haife shi. Amma ana rage maiƙo da wanki, ana rage ƙwayar da magani, kuma wannan ya isa ya kifar da ciwon.

Maganin da ya fi kowane shi ne sabunin ruwa na wanke kai mai ɗauke da ketokonazol, kashi 2 cikin 100. A Beljiyam aka ƙirƙiro maganin a 1976. A farmasi ana samun sa da sunan Nizoral ko Kétoderm, da wasu sunaye masu arha. Abin dubawa shi ne a ga an rubuta kétoconazole a jikin kwalin. Wanda ba zai iya riƙe sunan ba ya kwafe shi a ƴar takarda ya nuna wa mai farmasi. Akwai na biyu mai ɗauke da seleniyom, wanda aka fi sani da Selsun. Shi ma yana aiki ƙwarai, sai dai yana da wari, yana baƙanta azurfa, saboda haka a cire zobe da ƴan kunne kafin a taɓa shi. Ba a sa shi bisa fatar da aka sosa har ta yi rauni, kuma in ba a ɗauraye sosai ba yana sake launin furfura da gashin da aka yi wa rini. Mai ciki da mai shayarwa su tambayi malamin likita tukuna. Inda babu waɗannan, sabunin farar wuta da ake sayarwa a farmasi yana rage abin, ko da yake ƙarfinsa bai kai nasu ba.

Yawancin masu cewa sun saya sun gwada bai yi ba, wajen wankin suka yi kuskure. Sun sa, sun ga kumfa, sun ɗauraye nan take kamar sabunin wanka. Magani ne, yana son lokaci. A jiƙa kai, a zuba kamar cikin ƙaramin cokali, a murza shi bisa fata da tsokar yatsu ban da akaifa, a bar shi minti 5. Wanda ba shi da agogo ya fara da kai, ya bar kumfar a wurin, ya cuɗa sauran jikinsa a natse, in ya gama sai ya ɗauraye kan. A kiyaye ido. Mai gemu ya kai kumfar gemu da gira da bayan kunne, wanda abin ya sauko wa ƙirji ya kai ta can. Ruwan buta ɗaya ya isa, ba sai an ƙarar da tulu ba.

Ana yin haka sau 2 a sati, har sati 4. Kyawunta mutum ya tsai da ranaku, misali Litinin da Juma'a, don kada ya manta. Ƙaiƙayi yakan kwanta tun satin farko, kuma nan ne mutane suke ajiye kwalba. Kada a ajiye, a cika sati 4 ɗin. Bayan nan a riƙa yi sau ɗaya a sati, ko sau ɗaya cikin sati biyu, musamman daga shigowar ɗari har ya fita. Ƙwayar ba ta ƙarewa ƙaf daga jikin mai rai, in an bar ta sai ta sake yawa. Duk mai tallar da ya ce maganinsa na raba mutum da amosani har abada, kuɗi yake nema.

Ga mata masu kitso, wanki sau 2 a sati abu ne mai wuya. Sau ɗaya ma ya yi, in an yi shi da kyau. A bi tsaga-tsaga da maganin a ɗan yatsa, a bar shi ya ɗan fi daɗewa, kamar minti 10, sannan a ɗauraye. Ranar tsifa ita ce babbar rana: a tsefe, a wanke da maganin, a bari kai ya bushe sarai kafin a zauna gaban mai kitso ko a ɗaura ɗankwali. Maganin yana busar da gashi, don haka fata ake nufi da shi, gashin kuma a sa masa mai bayan ya bushe kamar yadda aka faɗa. Muddin ana magani, kada kitso ya wuce sati biyu. A kuma roƙi mai kitso ta sassauta hannu. Gashin goshi da ke zubewa ga mata da yawa, ana ɗora wa amosani laifi, alhali jan kitso ne yake tumɓuke shi. Man miƙar da gashi kuwa wuta ne bisa fatar da ta riga ta yi ciwo, a dakata da shi sai kai ya warke.

Maza suna cewa aski ne magani. Aski yana taimako, don magani ya fi isa ga fata kuma iska tana shiga. Amma jakar maiƙo tana cikin fata, aska ba ta kai gare ta. Tsaga da ƙaho ma ba su kai. Hula da rawani a riƙa wanke su ana shanyawa a rana.

In abin ya sauko fuska, gefen hanci da gira da bayan kunne, akwai man shafawa na ketokonazol, ko klotrimazol, ko mikonazol. Ana shafawa kaɗan safe da dare, sati 2 zuwa 4. In wurin ya yi zafi ƙwarai, malamin likita yakan haɗa da hidrokortizon mai kashi 1 cikin 100, na kwana 7 ko abin da bai wuce sati biyu ba. In fatar ido ce ta yi ɓawo, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a ɗora, a goge a hankali, kada a kai man kusa da ƙwayar ido.

A nan akwai gargaɗi babba. Cikin tiren masu tallar magani akwai ƴan bututu masu ɗauke da klobetazol ko betametazon, irin waɗanda wasu mata suke shafawa don su yi fari. Dangin hidrokortizon ne, amma ƙarfinsu ya ninka nasa nesa ba kusa ba. In an shafa wa amosanin fuska, cikin kwana biyu wurin ya yi sumul, mai shi ya yi ta yi wa mai talla addu'a. Da ya bari, abin ya dawo da fushi. Sai ya koma ya sake saye. Wata uku, wata shida, fatar fuska ta yi siriri kamar takardar siga, ƙuraje su feso, jijiyoyi su fito fili, wani wuri ya yi fari wani ya yi baƙi. Gyaran wannan ya fi gyaran amosani wuya sau goma. Haka nan ƙwayar ketokonazol ta haɗiya: tun 2013 hukumomin magani na Turai da Amurka suka yi kashedi a kanta saboda tana lalata hanta. Na wankewa da na shafawa ba su da wannan illa, amma kada a haɗiyi ƙwayar don amosani. Man fitila, da baƙin man mota, da maganin ƙwarin gona, waɗanda wasu suke zuba wa kai, guba ne. Fata tana shan su, ga yaro ƙarami suna iya kisa.

Sabunin salo yana fidda maiƙo, amma kaifinsa yana busar da fata, wanda zai yi amfani da shi ya ɗauraye da wuri. Lemun tsami da kanwa bisa fatar da aka sosa zafi kawai suke ƙarawa. Cikin kayan gida, zuma ce aka taɓa gwadawa a rubuce. A 2001 wani lokotoro ya gwada ta ga mutum 30 masu amosani mai tsanani. Ana sirka ɗanyar zuma da ruwan ɗumi kaɗan, kashi 9 zuma kashi 1 ruwa, a shafa a bar ta awa 3 sannan a wanke, yau a yi gobe a huta, har sati 4. Ƙaiƙayi da garin sun kwanta cikin sati ɗaya. Mutum 30 ba su da yawa, ba za a ajiye maganin farmasi saboda su ba. Amma wanda yake nesa da gari kuma yana da amya a gona, babu laifi ya gwada, in zumar ba a haɗa ta da sukari ba.

NA JARIRI

Jariri ma yana yin nasa, tun daga sati biyu ko uku da haihuwa har wata uku. Ɓawo ne mai kauri, launin rawaya ko ƙasa-ƙasa, mai maiƙo, ya fi taruwa bisa maɗiga. Wani lokaci har gira da bayan kunne da matsematsi. Yana taruwa a maɗiga ne don iyaye mata suna tsoron taɓa wurin, a wanke ko'ina a tsallake nan. Maɗiga tana da shimfiɗa mai ƙarfi a ƙarƙashin fata, wankin hannu a hankali ba ya yi mata kome.

Wannan ɓawo ba ya yi wa jariri ƙaiƙayi. Yana shan nono, yana barci, yana girma. Da kansa yake wucewa, yawanci kafin yaro ya shekara. Uwar da take son ta rage shi ta shafa Vaseline kaɗan da dare, da safe ta wanke da sabuni marar kaifi, ta goge da tsumma mai laushi. Abin da ya fita ya fita, wanda ya ƙi a bar shi sai gobe. Kada a ɓamɓare da akaifa ko tsinke, nan ne ake buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Kada a wanke wa jariri kai da maganin manya sai malamin likita ya ce. Kuma kada wata tsohuwa ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau har a cire yaro daga nono. Nono ba ruwansa. Ɓawon kai bai taɓa kashe jariri ba, amma yaye kafin lokaci ya kashe da yawa. In wurin ya fara ruwa ko mugunya, ko yana wari, ko ya bazu duk jiki, ko ga zazzaɓi ko zawo, ko yaro ba ya ƙara nauyi a wurin awo, to a kai shi gidan likita ran nan.

WAƊANDA SUKE KAMA DA SHI

An faɗa a baya cewa jakunkunan maiƙo barci suke yi tsakanin yaye da balaga. Saboda haka yaro ɗan shekara 4, ko 7, ko 10, ba kasafai yake yin amosani ba. In an ga ɗan lakwal ko almajiri da farin gari a kai, a fara zaton makero. A duba da kyau cikin haske. Makero yakan yi zagaye kamar kwabo, gashin wurin ya kakkarye ya bar toka-toka, sau da yawa da kaluluwa a wuya ko ƙeya. Wani ya kumbura ya yi mugunya. Shi makero ana ɗauka, ta aska da injin aski, da mataji, da hula, da matashin kai. Yaro ɗaya yana iya raba wa aji guda. Man shafawa kaɗai ba ya warkar da shi, don cutar tana cikin gashin har gindinsa. Sai an sha magani, wanda aka fi bayarwa shi ne girizofulbin, kullum har sati 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro. Shi wannan a bayan abinci mai maiƙo ake shan sa, ko da madara, don jiki ya fi karɓarsa. In an yi sakaci har ya yi mugunya, tabo yana zama, kuma gashi ba ya sake tsirowa bisa tabo. Wanzamai su riƙa sake reza ga kowane yaro, su tsabtace kayan aiki tsakanin kai da kai. Ƙwarƙwata kuwa sauƙin ganewa gare ta: ƙwanta yana manne da gashi, ba ya kakkaɓuwa, garin amosani da an hura ya tashi.

Sai maganar farin tabo, wadda ta fi tada hankali. Ga baƙar fata, amosanin fuska ba ya cika nuna ja. Abin da ake gani shi ne wurin ya yi haske fiye da sauran fata, a gefen hanci, ko goshi wajen gashi, ko tsakanin gira. Ko bayan an warke hasken yakan yi wata biyu ko uku kafin launi ya komo. Kyasbi ma, mai yin dabbare-dabbare a wuya da ƙirji da baya, ƙwayar Malassezia ce take kawo shi, kuma maganin wankin nan guda yana yi masa. Amma mutanen ƙauye da sun ga farin tabo sai a fara raɗa, a ce kuturta. An fasa aure saboda haka, an ƙaurace wa masu sayar da fura da abinci saboda haka, alhali abin da sabunin kwalba ɗaya zai kawar ne.

Ga yadda ake rarrabewa. Tabon amosani da na kyasbi suna da gari in an kankara kaɗan, suna ɗan ƙaiƙayi, kuma mutum yana jin taɓi a wurin. Tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, kuma jin taɓi ya ragu ko ya mutu. A sa mutum ya rufe ido, a murza auduga ta yi tsini, a taɓa fata mai lafiya, a taɓa tabon, a ce ya nuna inda aka taɓa. In bai ji bisa tabon ba, a tafi gidan likita ba tare da jinkiri ba. A fuska gwajin nan yana iya ruɗi, don haka tabon da ya yi wata uku ana magani bai motsa ba, shi ma a kai a duba. Ko ta tabbata kuturta ce, tana warkewa. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take bayar da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko wata 12, kuma wanda ya fara da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya. Mutanen jihar Maraɗi sun san likitar Danja, wadda ta daɗe tana wannan aiki.

Akwai kuma lokacin da amosani na gaske ne, amma wani abu ne a cikin jiki ya ba shi ƙarfi. Tsofaffi masu ciwon karkarwar hannu, wanda ake kira ciwon Parkinson, da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, fuskarsu takan yi maiƙo da ɓawo, masu jinyarsu su riƙa wanke musu. Ƙarancin abinci mai gina jiki yana kawo irin wannan ɓawo a gefen hanci tare da tsagewar gefen baki, a nan nono da ƙwai da wake da ganye ne magani. Sai ciwon sida. Shi yana raunana garkuwar jiki, ƙwayar ta samu fili. Cikin masu ɗauke da shi, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa fiye da rabi suna samun amosani mai tsanani, kuma sau da yawa shi ne yake fara fitowa tun mutum yana jin ƙarfinsa. Kada wannan ya sa a riƙa kallon duk mai susar kai da wata manufa, mafi yawan masu amosani lafiyarsu lau. Amma baligin da bai taɓa yi ba, dare ɗaya ya rufe masa kai da fuska da ƙirji da hamata, ya yi sati 4 yana magani yadda aka faɗa bai ga sauƙi ba, balle in ga rama ko zawo ko farin baki, ya je gidan likita ya ce a auna jininsa. Awon ba ya ɗaukar awa guda, kuma sakamakon tsakaninsa da malamin likita ne kawai.